Motar Baba Tana Sito: In Farke Cikinta, Ko In Bar wa 'Yan Gwangwan?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya taɓa riƙe gidan gem a Kaduna. Cikin kayan da ya bari akwai injin tseren mota na Sega, Daytona USA, mai kujera biyu, wanda ya sayo na hannu daga Legas tun muna firamare. Ya fi shekara 15 a sito. Da na jona shi, ɓangare ɗaya ko motsi bai yi ba, ɗayan kuma sai layuka masu launi a fuska. Niyyata in kwashe duk abin da ke cikinsa, in sa PlayStation 4 da sitiyarin Logitech da falasma, in ajiye shi a shagona. Wani yaro mai gyara ya ce aikin yini ɗaya ne, zai yanke tsofaffin wayoyin duka. Yayanmu kuwa ya ce a sayar wa 'yan gwangwan a ba da ɗakin haya, har mun yi sa-in-sa a gaban Hajiya. Ba a raba gado ba tukuna. Mai ɗakina ma gani take kuɗin makarantar yara zan zuba a tarkace. Ni kuwa a kan cinyar Baba na fara riƙe sitiyarin nan. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya gafarta wa Baba, ya kai haske kabarinsa.

Tun kafin ka gama karanta amsar nan, ka kira yaron nan ka ce ya dakata. Kada filaya ta kusanci waya ko ɗaya. Sa-in-sa da Yaya tana da magani, ran mai ɗaki yana sanyi, fuskar da ta mutu ana iya tada ta. Amma wayoyin da ke cikin irin wannan inji dami ne guda, kowace da launinta da inda ta nufa, daga sitiyari zuwa fanel, wato allon lantarkin da ke tafiyar da wasan, daga fanel zuwa fitilu da lasifika da ramin jefa kwandala. Ranar da aka datse su ba tare da alama ba, injin ya koma akwatin katako da roba, kuma ranar ce maganar Yayanka za ta zama gaskiya. Yaron ba sharri yake nufi ba, kuma bai yi ƙarya ba da ya ce yini ɗaya ne. Rushe gini bai taɓa cin lokaci ba.

Magana ta biyu ba ta lantarki ba ce, na kuma san ba ita ka fi son ji ba. Injin nan bai zama naka ba tukuna. Tun da ba a raba gado ba, Hajiya tana da tumuninta a cikinsa, Yaya yana da rabonsa, in kuna da 'yan'uwa mata su ma haka. Ƙaunar da kake yi masa ba ta ba ka ikon farke shi ba, kamar yadda girman Yaya bai ba shi ikon kiran 'yan gwangwan shi kaɗai ba. Ka hango abin da zai biyo baya in ka zuba kuɗinka yanzu. Gobe injin ya tashi, yara sun yi layi a ƙofar shagonka, sai wani a gida ya ce ai kayan Baba ne ke kawo kuɗi, ina namu? Yana da gaskiya. Kai ma in ka ce gumina ne da aljihuna, kana da gaskiya. Gaskiya biyu irin wannan ta raba gidaje da yawa da na sani.

Hanyar kuwa sananniya ce. Abin da ba ya yankuwa, kamar mota ko keken ɗinki, kuɗi ake yi masa, wanda yake so ya ɗauka cikin rabonsa ko ya biya sauran magada. Ku zauna gaban malamin da ya san rabon gado, a ƙiyasta injin, a rubuta, kowa ya sa hannu. Roƙona ɗaya ne: kada ka yi shiru a yi masa kuɗin 'yan gwangwan alhali ka san ya wuce haka. Su kilo suke saye, ƙarfe da jan waya. Fanel ɗin Sega na wancan zamani kuwa masu tara irin kayan nan a Turai da Amurka nemansu suke yi, ko da matattu ne, don su ciri kayan gyara. Ka faɗa wa 'yan'uwanka wannan da bakinka, ko da zai ƙara maka abin biya. Abin tunawa da mahaifi bai dace ya shigo hannunka ta hanyar da za ka riƙa sunkuyar da kai ba.

Ka kuma yi wa Yaya adalci. Shekara 15 ɗaki yana kulle saboda kayan da ba ya aiki, ga Hajiya da hidimar gida. Mutumin da ya ce a ba da haya ba maƙiyin Baba ba ne. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban Hajiya ba, ka ba shi haƙuri kan ɗaga murya, ka ce: “Yaya, a ba da ɗakin haya. Ni zan kwashe injin cikin mako biyu, a cire kuɗinsa a rabona.” Da wuya ya ƙi. Shi ɗaki yake so, kai inji kake so, ba ma igiya ɗaya kuke ja ba.

To, mu buɗe ƙofar baya, don ina so ka san abin da Baba ya bari. Daytona USA ya bazu a duniya a 1994, daga sashen AM2 na kamfanin Sega a Japan, wanda Yu Suzuki ke jagoranta a lokacin, mutumin da ya yi Hang-On a 1985 da Out Run a 1986. Toshihiro Nagoshi ne ya ja ragamar aikin. Wasan yana gudana a kan fanel mai suna Model 2, wanda Sega ta haɗa da taimakon GE Aerospace, kamfanin Amurka da a lokacin yake ƙera na'urorin koyar da tuƙin jirgin sama. Fasahar horar da matuƙa ce aka sauko da ita gidan wasan yara. Motoci 40 a kan titi a filin farko, giya huɗu, maɓallai huɗu masu launi na canja inda kake hangen motarka, kuma ana iya jona kujeru har takwas su yi tsere tare.

Yanzu ka tambayi zuciyarka, me kake tunawa a kan cinyar Baba? Ban yi zaton kyan hoto ba ne. Wayar da ke aljihunka ta fi Model 2 iya zana mota nesa ba kusa ba. Abin da ya zauna maka shi ne sitiyarin da ke fizge hannu in ka bugi bango, da taurin totur a ƙarƙashin ƙafa, da ƙarar giya in ta faɗa, da rugugin lasifika da ke ratsa kujera. Shirinka na PlayStation 4 waɗannan ne daidai zai zubar, ya bar maka ƙwarya babu fura.

Ga dalili. PlayStation 4 ba ta karɓar kowane sitiyari, sai wanda ta tantance cewa an yi shi dominta, saboda haka na Sega ba zai yi magana da ita kai tsaye ba. Dole ka cire shi, ka sassaƙe gaban injin don Logitech ya zauna. Ba na kushe G29, wato sitiyarin Logitech ɗin da aka yi wa PlayStation 4. Tun fitowarsa a 2015 yake yi wa mutane aiki a falo. Amma don mutum ɗaya mai tattalin kayansa aka yi shi, jikinsa galibi roba ne, kuma zagaye biyu da rabi yake juyawa, digiri 900. Sitiyarin gidan gem kusan digiri 270 yake yi, bai cika zagaye ɗaya ba, a kan sandar ƙarfe mai kauri, don an san hannun yara dubu ne zai murɗe shi da fushi. Ka cire wanda ya jure shekara 30 ka sa wanda yaran unguwa za su girgiɗe cikin watanni, garin gyaran gira ke nan a rasa ido. In Gran Turismo, wasan tseren mota na PlayStation, kake sha'awa, abin mai sauƙi ne: mai walda a Panteka zai haɗa maka firam na ƙarfe, ka sayi kujerar tsohuwar mota ka ɗora, ka ɗaure G29 da falasma a kai. Wannan nasa daban, na Baba daban.

Kafin ma a yi zancen sabon kaya, wa ya ce tsohon ya mutu? Kuskure ɗaya ka riga ka yi, wato jona shi haka kawai bayan shekara 15. Kada ka maimaita. A jikin injin ta baya akwai farantin ƙarfe da aka rubuta ƙarfin wutar da yake ci. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu 230, kuma irin waɗannan injuna suna da taransifoma a ƙasa mai sauko da wuta zuwa abin da kayan ciki ke buƙata. A duba yadda aka jona ta, a duba fis, a duba ko ɓera ya ci waya ko ya yi sheƙa, a duba katakon ƙasa ko gara ta shiga ko damina ta kumbura shi. A share ƙura da burushi mai laushi da iska, ba da ruwa ba. Sannan a sa mita a auna bolt 5 ɗin da ke shiga fanel. Yawancin injunan da ake cewa sun mutu a nan ciwonsu yake: akwatin raba wuta ya gaji, kafasita sun bushe, ko bakin filogi ya yi tsatsa. Layuka masu launin da ka gani ma sau da yawa daga nan suke, ko daga fanel da suka saki juna a inda aka haɗa su hawa-hawa.

Sa'arka kuma ita ce kujera biyu. Komai na ciki biyu ne: fanel biyu, akwatin wuta biyu, fuska biyu. Mai gyara mai haƙuri zai ɗauki na hagu ya gwada a dama, ɗaya bayan ɗaya, har ya gane wanne ne mai lafiya ba tare da an sayi ko ƙusa ba. Sau da yawa daga marasa lafiya biyu ake tada lafiyayye guda. Ka tuna kuma an saita su ne su nemi juna in an kunna. In ɗaya kaɗai ya tashi zai tsaya yana jiran ɗan'uwansa, sai a shiga wurin saiti da maɓallin gwaji da ke bayan ƙofar kwandala a mayar da shi mai zaman kansa.

A nan zan ja maka kunne da ƙarfi. Fuskar nan irin tsohuwar talabijin ce mai doro, kuma a bayan tulunta akwai wuta da ta kai bolt 25,000 ko fiye, wadda take iya zama a ciki bayan an zare filogi. Ina yaron shago na taɓa kai hannu kusa da robar nan mai kama da ƙoƙo a jikin tulu, talabijin a kashe tun safe. Jifa ta yi da ni, hannuna ya yanke a jikin ƙarfe, tabon yana nan har yau. Maigidana bai yi mini faɗa ba, zaunar da ni ya yi ya koya mini yadda ake sauke wutar kafin a taɓa komai. Yaron da ya tashi a gyaran waya da falasma bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ka nemo dattijon da ya yi zamani da talabijin mai doro. Har yanzu suna nan a kasuwanninmu, aiki ne ya yi musu ƙaranci. Wuyan tulun kuma gilashi ne siriri, in ya fashe shi ke nan, kamfanonin da ke yin irinsa sun daina. A lura da shi sosai ranar da ƙarti za su ciccibi injin daga sito.

Mu ɗauka an gwada, fanel ɗaya ko duka biyun sun ƙi tashi. Sai a zo ga abin da ka tambaya, sa masa sabon kaya. Kada wani ya sa ka ji kamar cin amana ne. Masu sana'ar kansu haka suke yi tun asali. Tsarin JAMMA da kamfanonin Japan suka amince da shi a tsakiyar shekarun 1980, filogi mai baki 56, an yi shi ne don mai gidan gem ya zare wasan da ya tsufa ya cusa sabo a akwati ɗaya. Sega ma daga baya kayan gida ta riƙa sa wa injunanta: Naomi na 1998 ɗan'uwan Dreamcast ne, OutRun 2 na 2003 yana gudana a kan Chihiro wanda aka gina bisa Xbox, Lindbergh na 2005 kuwa kwamfuta ce kawai a cikin akwatin ƙarfe. Da Baba yana raye yana sana'ar, da shi ma ya canja ƙwaƙwalwar injin ya bar jikinsa. Abin da nake ba ka shawara ke nan: ƙwaƙwalwa ta canja, duk abin da hannu da ƙafa ke taɓawa ya zauna.

Ƙwaƙwalwar da ta dace kwamfuta ce ta tebur, ba PlayStation ba, kuma ba sai mai tsada ba. 'Yar madaidaiciya ta hannu ta isa. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin fanel: Model 2 Emulator yana tafiyar da Daytona USA da Sega Rally, Supermodel yana tafiyar da na bayansu irin su Scud Race da Daytona USA 2, MAME kuwa tun 1997 ake gina shi don adana tsofaffi irin su Out Run da Pole Position. Kwamfuta ba ta da ƙyamar baƙo, duk abin da ya zo mata ta USB a matsayin abin tuƙi za ta karɓa, shi ya sa sitiyarin Baba zai iya zama a wurinsa.

Yadda ake yi ba sihiri ba ne. A gindin sitiyarin akwai ɗan abu irin maɓallin ƙara muryar rediyo, mai ƙafa uku, na om 5,000. Totur da birki ma kowanne da nasa. In ka murɗa, ƙarfin wutar da ke fita ta ƙafar tsakiya ya canja, fanel ya karanta. Giya da maɓallai kuwa makunnai ne kawai, a buɗe ko a rufe. Ƙaramin fanel irin Arduino Leonardo, ko A-PAC na kamfanin Ultimarc da ke Ingila, yana karɓar waɗannan ya miƙa wa kwamfuta. Ɗalibin kimiyyar lantarki a kwalejin fasaha zai iya wannan. In mota tana rawa a kan titi ba ka taɓa komai ba, maɓallin mai ƙafa uku ne ya cinye, a sake shi da mai lamba ɗaya.

Inda aikin yake da wuya shi ne fizgar nan ta sitiyari. Moto ne ke yin ta, irin na injin wanki, da kuloci na lantarki, da fanel nasa na musamman da ke karɓar umarni daga Model 2. Kwamfuta ba ta jin yarensa. Masu sha'awar abin a Turai sun ƙera ƙananan fanel da ke yi musu tafinta, amma sai an yi oda, sai kuma an sha saiti. Ka bar wannan ya zama na ƙarshe. Injin zai tuƙu ba tare da shi ba, sai dai sitiyarin zai yi sakwa-sakwa. Amma ko da shekara biyu za ka yi kafin ka kai gare shi, kada ka yarda a cire moton ko a jefar da fanel ɗinsa don wai ba sa aiki yanzu. Su ne ran abin da kake nema.

Sai fuska, kuma nan ne mutane suka fi yin ɓarna cikin rashin sani. Talabijin ta gida tana zana layukan hoto sau kusan 15,000 a daƙiƙa, kwamfuta sau 31,000 zuwa sama. Fuskar Daytona a tsakiya take, kusan 24,000, hoto mai ɗigo 496 a kwance da 384 a tsaye. In ka ɗauko wayar VGA daga kwamfuta ka cusa mata kai tsaye, ka tilasta mata gudun da ba a yi ta dominsa ba, kuma tana iya ƙona taransistan da ke jan layi. Ana magance wannan da katin hoto na AMD Radeon na da, tare da manhajar CRT Emudriver da ke sa shi fitar da hoto daidai gudun fuskar, da ɗan fanel mai ƙara wa siginar ƙarfi, domin abin da VGA ke fitarwa ya yi mata rauni. Ko an yi duk wannan, lokacin da kwamfuta ke tashi tana fitar da nata gudun kafin manhaja ta karɓa, don haka ko dai a sa abin da ke tare siginar da ta wuce kima, kamar J-PAC, ko a riƙa kunna fuskar bayan kwamfuta ta gama tashi.

Wahala ce, na sani, amma in tulun yana da rai ta cancanta. Don wannan fuska aka zana wasan, kuma ba ta jinkiri ko kaɗan: ka murɗa, mota ta juya. In kuwa tulun ya mutu murus, ka sa falasma ba tare da jin kunya ba, sai dai ka auna. In tulun naka mai inci 29 ne, hotonsa tsayinsa kusan santimita 41 ne, faɗinsa kusan 55. Falasma mai inci 32 tsayinta kusan 40, faɗinta kusan 71. Tsayi ya yi daidai, faɗi ya yi yawa, don haka ka sa tef ka ga ko za ta shiga a bayan firam ɗin ba tare da an sassaƙe komai ba, a bar hoton a siffarsa ta asali, gefe da gefe su ɓuya. Kada a miƙe hoton ya cika faɗi, motoci za su koma kamar an taka su. Ka kuma kunna saitin wasa da ke cikin talabijin ɗin. Wasan yana sake hoto kusan sau 60 a daƙiƙa, kuma wasu talabijin suna riƙe hotuna da yawa suna yi musu kwalliya kafin su nuna. A tseren mota wannan ɗan jinkirin shi ne bambancin shan kwana da rungumar bango.

Duk wannan aiki ƙa'ida ɗaya ke riƙe da shi: a zare, kada a yanke. Kowace waya a cikin injin nan a filogi take ƙarewa. A ɗauki hoto kafin a taɓa, a naɗa tef a rubuta sunan kowane filogi, a zare shi daga tsohon fanel, a haɗa sabuwar gajeriyar waya mai bakin da ya dace da shi zuwa sabon kaya. Ta haka duk ranar da ka samu Model 2 mai lafiya, ko ɗanka ya girma ya so ganin abin yadda kakansa ya san shi, aikin awa biyu ne a mayar. Tsofaffin fanel kuma, ko matattu, a sa su a ledar da ba ta tara wutar jiki, a kwali, a kan kanta, nesa da danshi. Lasifika da amfilifayarsa a bar su, sautin kwamfuta zai iya bi ta cikinsu. Ramin kwandala ma makunni ne, ana iya jona shi ya ci gaba da ƙirga wasa.

Da wanne za a fara? Ni a ganina, in an tada ɓangare ɗaya da kayansa na asali, a bar shi haka, a sa kwamfuta a ɗayan. Illar ita ce ba za su yi tsere da juna ba, kuma daɗin Daytona shi ne ka waiga ka ga abokinka yana cije leɓe a kujerar kusa. In wannan ne burinka, sai kwamfuta biyu da wayar sadarwa a tsakaninsu, Model 2 Emulator yana iya haɗa su. Amma ka gama ɗaya tukuna, ka tuƙa shi wata guda, ka ga abin da ya ci.

Wutarmu kuma ka san halinta. Kada injin nan ya sha wuta kai tsaye daga layi ko daga ƙaramin janareto. Sitabilaiza mai kyau dole ce, kuma a tabbatar wayar ƙasa tana aiki, domin sitiyari da totur da ƙofar kwandala duk ƙarfe ne, yara kuma ba takalmi suke zuwa. A sa fanka mai fitar da zafi a baya, a sa raga mai tace ƙura a inda iska ke shiga, a riƙa buɗewa ana hurewa in hunturu ya kama.

Batun shago akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Wasannin nan har yau mallakar Sega ne da sauran kamfanonin da suka yi su. Fanel ɗin da Baba ya saya an yi shi ne don a karɓi kuɗi da shi, in ya tashi ka ci halalinka. Amma ka cika kwamfuta da wasanni ɗari da aka kwafo daga intanet kana karɓar kuɗin yara, wannan cin haƙƙin wasu ne, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ba ta yarda da shi ba, ko da ba ka taɓa ganin an kama kowa ba. Wannan ƙarin dalili ne na a fara ƙoƙarin tada na asali. Kada kuma ka yi lissafin cewa injin zai mayar maka da kuɗinka da wuri. Yaran yanzu ƙwallo suke so a gidan gem. Za su yi wa motar rububi mako biyu don sabon abu ce a wurinsu, sannan su ragu. Ka ɗauke shi abin da kake yi don zuciyarka, in ciniki ya zo, alhamdu lillahi.

Wannan ya kawo mu ga mai ɗakinka, kuma ina bayanta. Ba injin take ƙi ba, ramin da ba ta ga ƙarshensa ba take tsoro, irin aikin nan kuwa ya iya haɗiye kuɗi kaɗan-kaɗan. Ka zaunar da ita ka gaya mata abin da ka gaya mini game da cinyar Baba, don ina zaton ba ka taɓa faɗa mata haka ba. Sannan ku yanka adadin da za ka riƙa warewa duk wata bayan an biya makaranta da cefane, kada ka haura shi, kada ka ci bashi saboda shi. Matakin farko, wato ɗauko shi, share shi, da kuɗin dattijon da zai auna wuta ya gwada hagu da dama, ba zai girgiza gida ba. Kwamfuta sai an tabbatar ana buƙatarta. Kayan oda daga waje su ne na ƙarshe. Injin da ya yi haƙurin shekara 15 a sito zai iya jiran albashi shida.

In kun gama da malamin gado an ɗauko shi, ka sake rubuto mini. Ka haɗo da hoton farantin nan na baya, da hoton lambar da ke jikin fanel ɗin kowace fuska, da abin da mita ta nuna a kan bolt 5 a hagu da dama. Da su zan gaya maka ɓangaren da za a fara tadawa.